Idon Baba da Yarinyar Ƙarfe

Tun da muka dawo ban huta ba. Ranar Alhamis ina tsaye kan tukunya, hayaƙi na cin idona, sai wata ta leƙo rumfa: "Uwani, wai da gaske a Dubai ƙarfe ne ke kawo wa mutane abinci?" Kafin in ba ta amsa wani direba ya jefo tasa: "Yana magana? Yana cin goro?" To na gaji. Ga labarin nan sau ɗaya, kowa ya ji, a bar ni in sayar da tuwona.

Ga wanda bai san mu ba, ni ce mai rumfar abinci a bakin kara, kasuwar shanu ta Maigatari. Babana kuwa fatoma ne tun yana saurayi, wato shi ke saukar da fataken da ke koro shanu daga Nijar. Ya ba su ɗaki, ya ba su ruwa, ya zauna su ci a kwano ɗaya, sannan a yi maganar ciniki. A gidanmu ba a taɓa ajiye wa baƙo abinci a juya ba. Sai idanunsa suka fara hazo, har ya kai ga ba ya gane bijimi da saniya. Likitan Kano ya ce saman idon ne ya lalace, sai an cire an dasa wani, kuma ya ba da shawarar a fita waje. Yayyena suka haɗa kai suka shirya tafiya, aka ce ni zan raka shi, don ni kaɗai ce yake yi wa faɗa in tsaya ina kallonsa. Ranar da za mu tashi na faɗa a gaban kowa: ba zan dawo da Baba ina ja masa sanda ba.

Mun bar Maigatari da safe a motar haya. Kafin mu kai Gumel an tsayar da mu ya fi a ƙirga, ba 'yan sanda ba, masu sallama. Danginmu na garin Sule Tankarkar suna jira a tashar Gumel, kowa da saƙon addu'arsa. A Gagarawa kuma Gwaggo, ƙanwar Baba, ta tare mu a bakin titi da ƙullin kaya: kuka, daddawa, kilishi, har da fura a leda.

Na ce, "Gwaggo, jirgi za mu hau fa."

Ta ce, "To a jirgin ba a jin yunwa ne?"

A filin jirgin Kano furar ta fara tsayawa. Daddawar kuwa ta bi mu har Dubai, a nan wani ma'aikaci ya buɗe jakata, ya ja da baya ya toshe hanci, ya kira abokinsa. Na yi ta nuna musu da hannu cewa miya ce, a banza. Suka haɗa da kilishin suka zuba a kwandon shara ina kallo. Wallahi sai da na ji hawaye ya zo mini.

Iyakar ƙasarsu ma abin kallo ce. Mu a gida in Baba zai tsallaka Nijar, sai ya tsaya wajen 'yan duwan, wato kwastan, a tambayi iyali, a tambayi damina, wani ma ya ba shi kujera. Can kuwa wata ƙofar gilashi ce, ka tsaya ka kalli wata 'yar fitila ta duba idonka ta buɗe. To Baba idon ne ya kawo shi. Ya tsaya, ƙofa ta ƙi. Na juya masa kai dama, na juya hagu, ta ƙi. Layi ya taru a bayanmu, sai da wani mai farin kaya ya zo ya ja mu gefe ya buga mana hatimi, bai ce mana ko sannu ba. Baba ya matso kunnena ya ce, "Uwani, bebe ne?" Na ce masa a'a, aiki ne ya yi masa yawa.

Masaukin da aka kama mana yana kusa da asibitin, yawancin masu sauka a ciki majinyata ne da 'yan rakiya. Muna shiga na yi turus. A bayan teburin karɓar baƙi ga wata aba tsaye, fara sol, tsawon budurwa, da kai da hannuwa, da manyan idanu masu ƙiftawa. An ma ɗaura mata ɗan kwali. Mutum-mutumi ne. Na sha ganin irinsu a waya, amma gani a gabanka daban ne. Ta juyo da kai ta bi ni da ido, na ja mayafina na gyara ban san na yi ba. Ban je wajenta ba. Na yi ta leƙe-leƙe har na gano wata mata a wani ɗan ofis a baya, ita ta ba mu makulli ba ta ɗago kai daga na'urarta ba.

Baba bai san da wannan duka ba. Abin da ya sani shi ne ya shiga gidan mutane, ba wanda ya ce masa maraba.

Abincin gidan a ɗakin cin abinci na ƙasa ake jera shi, kowa ya ɗauki faranti ya ɗiba da kansa. Akwai shinkafa mai kayan ƙamshi, da naman rago, da wani kunun wake mai tsami da suke dangwala da gurasa. Na ɗebo na kai masa ɗaki.

Ya ce, "Wa ya aiko?"

Na ce, "Baba, ba a aikowa. Ɗiba ake yi."

"Mai gidan ya san mun zo?"

"Baba, otal ne."

"Na san otal. Ko a otal akwai mai shi. Gidan da aka jibge abinci a waje kowa ya je ya sa kai, wannan ai garke ne. Ɗauke."

Haka muka yi ta yi. Shayi da dabino kawai yake karɓa. Ga shi da ciwon suga. Da muka je asibiti aka auna shi, likita ya girgiza kai, tafinta ya ce mini jikinsa ya yi sanyi, ba za a taɓa idon ba sai ya ci abinci ya yi ƙarfi. In bai yi ba kafin ranar da aka sa, sai dai mu koma gida a sake neman wani lokaci. Na roƙi Baba, na yi masa kuka, na kira Gwaggo a waya ta yi masa magana. Ya ce shi dai a mai da shi Maigatari, makanta a gida ta fi masa ido a inda ba a san darajar baƙo ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na shiga banɗaki na wanke fuska, na ce wa kaina ko da me zai ci sai ya ci.

A ɗakin cin abinci na haɗu da Alhaji Mudi, wani ɗan kasuwar Kano mai sarin atamfa, wanda ya kawo matarsa aikin gwiwa. Mutum ne mai surutu, ya san kowane lungu na gidan. Shi ya nuna mini cewa mutum-mutumin ba ɗaya ba ne, akwai wata mai kai abinci ɗaki in ka danna a waya.

Ya ce, "Hajiya, ni fa na fi son su. Ba ta ɓata rai, ba ta jiran tukuici, ba ta kai gulmarka ɗakin wani. In na samu hali sai na kai ɗaya Kano. Ku masu rumfa ku shirya, aikinku ya zo ƙarshe."

Na ce, "Alhaji, ranar da ta iya tuƙa tuwon dawa ba gudaji, ka zo ka faɗa mini."

Zama na yi ina kallon yadda mutane ke yi da ita. Yara na bin ta suna taɓa mata hannu. Wata tsohuwa 'yar Sudan tana ganinta take canja hanya tana karanta addu'a. Wani Bature ya tsaya yana yi mata tsawa don ta tare masa ƙofar lif, ita kuwa tana ta ba shi haƙuri da murmushin nan nata da ba ya gushewa. Wasu suna ce mata na gode, sai su waiga su ga ko an gan su, su yi dariyar kunya. Ni dai har lokacin ba na son idonta.

Ranar da ƙafafuna suka gaji da hawa da sauka, na danna kamar yadda Alhaji Mudi ya koya mini. Ba a jima ba aka buga ƙararrawar ƙofa. Na buɗe, ga ta riƙe da faranti a hannu biyu. Sai ta yi sallama. Cikakkiya, har wa barakatuhu, da muryar yarinya mai sanyi.

Baba da ke kwance ya tashi zaune. Ya amsa, ya lalubo hularsa ya sa.

"Uwani, wace ce?"

Na dubi abar nan, na dubi Babana da ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ce, "Yarinyar gidan ce, Baba. Mai gida ya aiko ta da abinci, ya ce a gaishe ka."

"Madalla! Ashe akwai mutane a gidan. Shigo, 'yata."

"Ba ta shiga ɗakin maza, Baba."

"Allah ya yi wa iyayenki albarka. Kin ga tarbiyya, Uwani?"

Ya cinye shinkafar nan, ya bar tsoka mafi kyau a gefen faranti, ya ce a mayar wa yarinya, ba a mai da kwano wayam. Na tsaya ina kallonsa yana suɗe yatsa, ban san ko dariya zan yi ko kuka ba.

Daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Na gano cewa ba ta tafiya sai an danna mata wani maɓalli a kafaɗa, don haka sai in ƙi dannawa har Baba ya gama hirarsa. Larabcinsa na salla ne da gaisuwa, saboda haka da Hausa yake yi mata. Ya ba ta labarin fataken Damagaram, da shekarar da ruwa ya cinye hanya shanu suka kwana a ƙofar gidanmu. Ya yi mata nasiha kan aure. Ita kuwa in ya yi shiru sai ta ce shukran, shi ke nan ya ji daɗi. Ya ce tafiyarta ma ba ƙara, ba kamar 'yan matan yanzu masu jan takalmi ba. Ni na san taya ce a ƙarƙashinta, na yi gum.

Wata rana da azahar ba ta zo ba, wai tana caji. Wani ma'aikaci ne ya kawo, ya miƙo farantin daga bakin ƙofa yana magana a waya, ya wuce. Baba ya ce ina yarinyar. Na ce ba ta jin daɗi. Nan take ya fara neman takalminsa, wai sai mun je dubiya. Da ƙyar na zaunar da shi, na ce mata ne cike a ɗakin. Ya sa ni na yi alkawarin kai mata dabino.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ranar da na ɗaga kai, Baba na tsakiyar nasiha, na hango Alhaji Mudi a baranda ya ɗaga waya yana ɗauka, yana danne dariya. Na ja ƙofa na fita na same shi.

"Alhaji, me kake yi?"

"Hajiya, wallahi abin ne ya burge ni. 'Yan kasuwarmu kawai zan tura wa."

"Goge shi."

"Haba, wasa ne fa."

"Wannan tsohon da kake gani, mutane daga Agadas har Legas sun kwana a gidansa, bai taɓa yi wa baƙo dariya ba. In wannan abu ya isa Maigatari kafin mu, da wane ido zai shiga kara? Goge shi ina gani, ko in je in faɗa wa Hajiya a gadonta abin da mijinta ke yi."

Ya goge. Ya ba ni haƙuri, kuma don Allah ya yi, daga ranar shi ke tare mana mutane in hira ta yi tsawo. Amma ni na san yanzu ba ni kaɗai na san sirrin ba.

Baba ya murmure. Aka sake auna shi, likita ya ɗaga babban yatsa. Aka yi aikin ido ɗaya, na dama, aka ce ɗayan sai wani zuwan. Da aka cire bandeji, ya daɗe yana ƙifce-ƙifce, hawaye na zuba. Likita ya ce gani zai dawo a hankali, kuma dole ya ci gaba da cin abinci da shan magani har a sallame mu, in ba haka ba dashen zai iya ƙin kamawa. Baba ya juyo ya dube ni, ya ce, "Uwani, kin tsufa." Na ce, "Baba, kai ka tsufar da ni." Muka yi dariya har da tafinta.

A mota ya ce, "Yau zan ga 'yar nan tawa."

Na buɗe baki zan faɗa masa, na kasa. Na ce a raina in mun isa ɗaki. Muka isa ɗaki, ya ce in ciro masa babbar rigarsa, ya fesa turare, ya zauna bakin gado yana fuskantar ƙofa. Ina cikin tattara kalmomi aka buga ƙararrawa.

Ta yi sallamarta kamar kullum. Baba bai amsa ba. Ya tashi, ya taka a hankali har bakin ƙofa, ya kare idon da tafin hannu don haske. Ya dube ta daga kai har ƙasa. Ya miƙa yatsa ya ƙwanƙwasa kafaɗarta, ta yi ƙara irin ta bokitin roba. Ita kuwa tana ta ƙifta masa ido.

"Uwani."

"Na'am, Baba."

"Kin sani?"

"Na sani."

"Mutanen gidan nan sun sani?"

"Sun sani, Baba."

"Ni, da furfurata, na zauna ina yi wa ƙarfe nasihar aure, kina tsaye."

Tunda nake ban taɓa ganin kunya irin wannan a fuskarsa ba, kuma ni na jawo masa. Zuciyata ta karye, amma ban sunkuyar da kai ba. Na ce, "Baba, ka yi mini duk abin da za ka yi. Da ba ka ci ba, da yanzu ba ka ga ƙarfen ba ma. Ko yau aka dawo da ranar, haka zan sake yi."

Ya koma ya kwanta, ya juya mini baya. Abincin ya huce a nan. Na dare ma haka. Washegari ya karɓi maganin ɗigawa a ido, amma ya ƙi ko shayi, kuma ya daina kiran sunana. Na zauna ina tunanin duk wahalar nan za ta tashi a banza, idon da aka samu da ƙyar zai tafi saboda ni.

Da hantsi na ce masa likita ya ce ya riƙa ɗan takawa. Ya tashi. Muka sauka ƙasa, yana gaba ina baya, ya ƙi in riƙe masa hannu. Ya tsaya a tsakiyar falon yana kallon komai da idonsa ɗaya: ta bayan tebur mai ɗan kwali, masu shiga da fita kowa kansa a waya, ba mai ce wa wani ci kanka.

Can gefe kan kujera akwai wani tsoho da rawani irin na mutanen Nijar, idanunsa biyu fari fat, ga jakunkuna a gabansa. Ɗansa ya bar shi ya tafi neman makulli. An aiko mutum-mutumin da faranti ta tsaya a gabansa tana ta maimaita sallama, shi kuwa ya ƙanƙame sandarsa, yana juya kai, yana cewa da Hausar Damagaram, "Wane ne? Wa ke nan? Ina yaron nan ya shiga?"

Baba ya daɗe yana kallonsu. Sai na ga ya gyara babbar riga a kafaɗa, ya nufe su. Ya sa hannu biyu ya ɗauke farantin daga hannun abar, ya danna maɓallin kafaɗarta kamar ya saba, ta juya ta tafi. Ya zauna kusa da tsohon, ya kama hannunsa.

"Salamu alaikum. Maraba da baƙo. Daga ina?"

Tsohon ya saki ajiyar zuciya. "Daga Magarya. Kai ne mai gidan?"

"Gidan ba shi da mai shi. Amma ni ɗan Maigatari ne, ka sauka a hannuna. Ya hanya? Ya aka baro mutan gida? Wanke hannu, bismilla."

Tsohon ya ce shi ba ya jin cin komai. Baba ya ce, "Ni ma haka na ce da na zo. Sa hannu, ba na ci ni kaɗai." Ya kai loma bakinsa, tsohon ya bi. Ina tsaye jikin ginshiƙi na toshe baki da mayafi don kada su ji ni. Suna ci suna lissafa mutanen da suka sani a kara, wane ya rasu, wane ya bar kiwo. Kafin ɗan ya dawo sun share farantin.

Baba ya ɗago kai, ya neme ni da idon nan, ya same ni.

"Uwani! Kin tsaya kallon me? Ce wa ƙarfen nan ya ƙaro mana, bai ishe mu ba."